A Gwada Jini, a Kuma Rufa Asiri

'Yan'uwa manoma, yawancin abin da muke tattaunawa a wannan shafi maganar iri ce da taki da rance. Yau za mu ɗauko wata magana dabam, amma ita ma ta shafi gona, gama gona ba ta nome kanta, sai da mai lafiya. Maganar ita ce gwajin cutar ƙanjamau, watau ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki wadda likitoci ke kira HIV. Wa ya kamata a gwada? A tilasta masa ne, ko a bar shi ya zo don kansa? In kuwa an gwada, wa ya cancanci ya ji abin da aka gani?

Wannan gardama ta kai har majalisun dokoki. A watan Mayu na 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta ce ba za a ɗaura aure ba sai ango da amarya sun kawo takardar gwaji daga asibiti. Gwajin ya haɗa da ƙanjamau, da ciwon hanta, da tunjere, da jinin sikila. Tun kafin wannan, ekklesiyoyi da yawa sun riga sun kafa irin wannan ƙa'ida ga masu son aure a majami'a. A ɗaya gefen kuma akwai dokar Gwamnatin Tarayya ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ita ta hana a nuna wa mai wannan cuta bambanci, ta hana a sa gwaji ya zama sharaɗin ɗaukar mutum aiki, ta kuma hana a faɗi sakamakon mutum ba da izininsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta goyon bayan gwajin tilas.

Namu ra'ayi shi ne, kowa ya gwada, babba da yaro, fasto da mai bi. Amma sakamakon na mai jinin ne, da wanda zai haɗa shimfiɗa da shi. Ba na kwamitin aure ba ne, ba kuwa na ƙungiyar gama kai ba.

Yadda cutar take a yau

A shekara ta 1986 aka fara sanar da samun wannan cuta a Nijeriya. A lokacin ba magani, wanda aka ce yana da ita kamar an karanta masa ranar mutuwarsa ne. Da yawa cikinmu har yanzu da wancan tsoro muke kallonta, alhali kuwa abubuwa sun sake ƙwarai.

A 2018 aka yi babban bincike gida gida a ƙasar nan, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019. An sami mutum 14 cikin kowane 1,000 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da cutar, jimla wajen mutum miliyan 1 da dubu 900. Mata sun ninka maza. A jihohin Arewa ta Tsakiya wajen mutum 2 ne cikin 100, a Arewa maso Yamma kuwa 6 cikin 1,000. Ashe ba cutar birni kaɗai ba ce. A ekklesiya mai manya 300 ba abin mamaki ba ne a sami mutum huɗu ko biyar, waɗansunsu ma ba su sani ba.

Gwamnati ta soma ba da maganin rage ƙarfin cutar a 2002, ta mai da shi kyauta a 2006. Tun 2016 kuma ba a jira sai mutum ya kwanta, da an gane yana da ita sai a sa shi a kan magani. Yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Maganin ba ya kashe cutar ɗungum, amma yana danne ta har awo ya kāsa ganinta cikin jini. Wanda ya kai wannan matsayi, yana kuma shan maganinsa kullum, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya. Mace mai ciki in ba ta sha magani ba, cikin jarirai 100 akan sami 15 zuwa 45 su ɗauka. In ta sha, ba ya kai 5.

Ke nan gwaji ƙofar magani ne. Duk abin da zai hana mutum zuwa gwaji ya hana shi magani, ya kuma bar iyalinsa cikin hatsari. Da wannan mudu ya kamata mu auna kowace doka da kowace ƙa'idar ekklesiya: za ta jawo mutane zuwa gwaji, ko za ta kore su?

Hujjar masu son tilas

Masu goyon bayan gwajin tilas ba mugaye ba ne, hujjarsu kuma tana da nauyi. Sukan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ɗauki yarinya 'yar shekara 19 da za a ba wani magidanci wanda matarsa ta rasu bayan doguwar jinya. Ita ba ta da bakin da za ta ce masa, "Mu je asibiti tukuna." Iyayenta ma kunya za ta hana su. Amma in ƙa'ida ce ta kowa da kowa, ba wanda zai ce an zarge shi, yarinya kuma ta tsira. Wannan gaskiya ne, mun yarda da shi. Saboda haka ba mu ce ekklesiya ta daina neman masu aure su yi gwaji ba.

Sai dai kada mu ɗora wa takardar gwaji nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Da fari, ƙwayar cutar takan yi makonni cikin jiki, wani lokaci har wata 3, kafin gwajin da aka saba yi ya nuna ta. Takarda mai kyau yau ba ta ba da shaidar abin da ya faru watan jiya ba. Na biyu, takardar ranar aure ta ranar aure ce kaɗai. Mata da yawa a ɗakin aurensu suka kamu, bayan shekaru, sa'ad da maigida ya dawo daga cin rani, ko aka gaji matar ɗan'uwa ba a bincika abin da ya kashe shi ba. Na uku, duk inda aka ce takarda ce kaɗai za ta buɗe ƙofa, sai masu sayar da takardar ƙarya su sami kasuwa. Wanda ya san za a karanta sakamakonsa a gaban dattawa, shi ne zai fara neman ta jabu.

An taɓa jarraba irin wannan doka a Amurka. A 1988 Jihar Ilinoi ta tilasta wa masu neman aure gwaji. Cikin wata 6 na fari aka gwada mutum fiye da 70,000, aka sami 8 kaɗai masu cutar, bayan an kashe wajen dala miliyan 2 da rabi. Yawan auren da ake ɗaurawa a jihar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, domin mutane sun riƙa ƙetare iyaka suna ɗaura aurensu a jihohin maƙwabta. A 1989 aka soke dokar. Lalle halin ƙasarsu ya bambanta da namu, cutar ta fi yawa a nan. Amma halin ɗan Adam ɗaya ne. In ya ji tsoro yakan bi ta bayan gida. A wurinmu sai su je wani gari, ko su zauna tare ba ɗaurin aure.

Abin da kuturta ta koya mana

Ekklesiya ba baƙuwa ba ce ga irin wannan al'amari. Dattawanmu sun tuna da mazaunin kutare da mishan suka riƙe, irin su Garkida da Mangu, da Yadakunya kusa da Kano, da Amanawa kusa da Sakkwato. An yi aikin jinƙai mai yawa a waɗannan wurare. Duk da haka, muddin ganin tabo a fata yana nufin rabuwa da gida da gona, mutane sukan ɓoye tabon a ƙarƙashin riga har yatsu su lalace. Daga shekarun 1950, da ƙwayar dafson ta samu, aka soma raba ta a ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Mutum ya karɓi maganinsa ya koma gonarsa. Sai ga dubban mutane suna fitowa da ƙafarsu. Abin da ya fito da su shi ne sun ga akwai magani, sun kuma ga ba za a raba su da gida ba.

Haka yake da ƙanjamau. Magani ya samu. Abin da ya rage shi ne mutum ya tabbata in ya je gwaji ba zai rasa mutuncinsa ba.

Abin da tonon asiri ke jawowa

A 1995 wani asibiti a Legas ya gwada jinin wata ma'aikaciyarsa mai ciki ba da saninta ba. Da aka ga tana da cutar sai aka kore ta daga aiki. Ta kai ƙara, amma a 2001 alƙali ya hana ta shiga ɗakin shari'a don tsoron kada ta sa wa mutane. Sai a 2012 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa an zalunce ta, ta sa a biya ta naira miliyan 7. Shekara 17 ke nan tana neman hakkinta, a birnin da yake cike da lauyoyi. To, ina ga macen ƙauye?

A ƙauye magana zarar bunu ce. A ce an miƙa wa kwamitin aure mai mutum bakwai takardar sakamako. Kowannensu yana da mata ko miji, kowace mata tana da aminiya. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, ba wanda zai sayi ƙosan yarinyar nan, ba mai zama kusa da ita a zumuntar mata, ƙannenta ma sai samari su guje su. Sauran matasa kuma suna kallo. Darasin da za su ɗauka shi ne, kada ka yarda a gwada ka. Ta haka tonon asirin mutum ɗaya yakan kori mutum ashirin daga asibiti, cutar kuwa ta ci gaba da yawo a ɓoye.

Mun san masu shan magani da yawa sukan wuce asibitin da ke kusa da su, su biya kuɗin mota zuwa wani gari mai nisa, don kada wani ɗan garinsu ya gan su a layi. Ran da kuɗin mota ya gagara, magani ya yanke. In magani yana yankewa, ƙwayar cutar takan taurare har maganin ya daina yi mata aiki. Ashe tsegumin da muke ɗauka ƙaramin abu ne yana iya kai mutum kabari.

Ku tuna da Yusufu, wanda aka ba shi Maryamu. Da ya ga abin da bai gane ba, bai kai maganar dandali ba. Ya ƙudura ya warware al'amarin a asirce don ya kāre mutuncinta, Littafi Mai Tsarki kuwa ya lasafta masa wannan a kan adalci. Hausawa ma sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai kuma wanda ya faɗi nasa da bakinsa. A 1992 Gideon Byamugisha, wani fasto na ekklesiyar Anglikan a Uganda, ya tashi ya shaida wa jama'a yana ɗauke da cutar. Shi ne shugaban addini na fari a Afirka da ya yi haka, ya kuwa ci gaba da hidima shekaru da yawa, ya ƙarfafa mutane masu ɗimbin yawa su je gwaji. Amma shi ya zaɓi ranarsa, shi ya zaɓi kalmominsa. Da wani ne ya faɗa a madadinsa, da cin amana ne.

Hakkin ango da amarya

Kada wani ya ce muna ɗaure wa ɓoye-ɓoye gindi. Rufin asiri yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce ƙofar ɗakin aure. Wanda ya san yana da cutar ya ɓoye wa wadda zai aura, ko matar da ta ɓoye wa mijinta, ya yi zunubi mai girma, gama ya sa ran maƙwabcinsa mafi kusa cikin hatsari. Wanda nauyin baki ya hana shi, ya roƙi malamin asibiti ya taimake shi faɗa. An horar da su don wannan aiki.

Hanyar da muke gani ta fi ita ce, saurayi da budurwa su je tare, a yi musu bayani tare, su ji sakamako tare a gaban malamin asibiti. Abin da za su kawo wa fasto shi ne 'yar takarda mai cewa an gwada su, kowannensu kuma ya ji na ɗan'uwansa. Ba sai an rubuta abin da aka gani ba. Da wannan yarinyar da muka ambata ta sami kāriyar da take bukata, asiri kuma bai fita ba. In su da kansu suka so su nemi shawarar fasto, wannan nasu ne, shi kuwa ya riƙe amana har kabarinsa.

Lokacin gwajin ma abin lura ne. A yi shi tun da wuri, kafin a biya sadaki, kafin a yi shelar aure a majami'a. In an riga an yi shela, an sayi kaya, an gayyaci dangi, sa'an nan aka fasa bayan dawowa daga asibiti, ai ko ba wanda ya buɗe baki an riga an faɗa wa gari duka.

In kuwa ɗaya yana da cutar, ɗaya ba shi da ita, suka ji, suka fahimta, suka ce duk da haka suna son juna, ba mu ga dalilin da zai sa ekklesiya ta hana su ba. Da shan magani a kan kari za su iya zama lafiya, su haifi 'ya'ya marasa cutar. Akwai ma maganin rigakafi da wanda ba shi da ita zai iya sha. Dokar 2014 ita ma ta ba su wannan 'yanci, muddin ɗayan ya sani ya kuma yarda.

Ina ruwan ƙungiyar gama kai?

Ruwanta da yawa. A ƙungiya muna tsaya wa juna a kan rancen taki da na shanun noma. In aka ji raɗe-raɗin cewa wane yana da cutar, sai wani ya ce, "Kada a ba shi, in ya mutu wa zai biya?" Wannan tunanin shekarun da ba magani ne. Mai shan maganinsa yana noma kamar kowa, yana iya binne waɗanda suke yi masa kallon gawa. Abin da za a duba wajen ba da rance shi ne gonar mutum, da ƙwazonsa, da yadda ya biya na bara. Dokar 2014 ta lasafta hana mutum rance saboda wannan cuta cikin laifofin nuna bambanci. In muka hana shi taki, amfaninsa ya ragu, abinci ya ƙaranta a gidansa, jikinsa ya raunana, mu ne muka jawo abin da muke tsoro.

Mu kuma sani cewa ba a ɗaukar cutar ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko musafaha, ko aron fartanya, ko cizon sauro, ko ƙoƙon Jibin Ubangiji. Hanyoyinta su ne kwanciya, da jini, da kuma daga uwa zuwa jariri. Saboda haka abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne askar wanzami, da rezar da ake yi wa yara tsaga da ita, da allurar da mai kemis zai yi wa mutum biyu.

Abin da muke roƙo

1. Kowace ƙungiya ta gayyaci ma'aikatan lafiya sau ɗaya a shekara, bayan kaka, su yi gwaji ga duk mai so. Shugaba da fasto da matansu su fara shiga layi. A haɗa da awon hawan jini da na sukari, don kada a san abin da ya kawo kowa. Sakamako kuwa a faɗa wa mutum shi kaɗai, a ɗaki.

2. Kada magatakarda ya rubuta ciwon kowa a littafin ƙungiya, kada kuma a tambayi mai neman rance takardar asibiti.

3. A ware wani abu daga asusu don kuɗin motar zuwa asibiti, a kuma yi wa marar lafiya gayya a gonarsa, ba tare da an tambaye shi sunan ciwonsa ba.

4. Zumuntar mata ta tabbata kowace mai ciki ta je awo, maigidanta kuma ya raka ta ya gwada shi ma. Nijeriya tana cikin ƙasashen da jarirai suka fi kamuwa da wannan cuta, alhali kuwa abu ne da ake iya hanawa.

5. Majalisun ekklesiya su sake duba ƙa'idarsu ta aure, su rubuta a fili cewa sakamako ba zai shiga hannun kwamiti ba, su kuma sa horo a kan dattijo ko ma'aikacin da ya fasa asirin wani.

Ga masu yin doka kuma muna da kalma ɗaya. Wanda ya tilasta gwaji ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Shekaru da yawa yawancin kuɗin maganin nan daga ƙasashen waje yake zuwa, musamman Amurka. A watan Janairu na 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakonta na ƙetare don ta sake dubawa, hankalin masu shan magani ya tashi a ƙasashe da yawa. Wannan ya isa gargaɗi. Kafin a ƙara wata doka, a tabbata gwaji kyauta ne, akwai shi a asibitin ƙauye, magani ba ya yankewa, ma'aikacin da ya saki baki kuma yana fuskantar hukunci. In an yi waɗannan, mutane za su zo ko ba ɗan sanda.

'Yan'uwa, ku karanta wannan a taronku na gaba, ku tattauna, ku aiko mana da abin da kuka shawarta. Wanda bai taɓa gwadawa ba, kada damina ta same shi bai je ba. Wanda kuma aka ba shi amanar asirin ɗan'uwansa, ya riƙe ta kamar yadda zai so a riƙe tasa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.